Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastocinmu da dattawan ikkilisiya, daga mawaƙa da masu aikin fasaha

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, fastoci da dattawa da duk 'yan majalisar ikkilisiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya hidima, yaya iyali? Allah ya ƙara muku ƙarfi da lafiya. Mun san nauyin da ke wuyanku ba ƙarami ba ne, shi ya sa tun farko nake roƙo kada a ɗauki wannan takarda a matsayin raini ko tsaurin ido, 'ya'ya ne ke magana da iyayensu.

Ni ɗaya ne daga cikin masu rubuta waƙa a ƙungiyar mawaƙa, amma ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. A madadin 'yan kwaya nake magana, da masu ganga da jita da kibod, da 'yan wasan kwaikwayo, da masu zane, da yaran nan da ke tsaye bayan kyamara tun farkon sujada har a tashi, da masu haɗa fosta, da iyayenmu mata masu ɗinka labule da ƙawata majami'a, har da masu rubuce-rubucen da ba wanda ya san suna yi don ba su taɓa samun wanda za su nuna wa ba. Sai da muka zauna kowa ya kawo nasa kafin aka rubuta. Dalilin barinta a buɗe kuwa, da muka taɓa zancen da 'yan'uwa na wasu majami'u sai muka tarar kusan labarin ɗaya ne, ɗariƙa ce kawai ta bambanta, to duk shugaban da ya ga abin ya shafe shi, da shi ma muke.

Abin da ya ta da maganar kun san shi. A zamanku na ƙarshe kun yanke cewa an soke haɗuwar da muke yi sau ɗaya a wata, inda muke karanta wa juna abin da muka rubuta, mu saurari sabuwar waƙa tun tana ɗanya, mu yi addu'a tare, wai lokacin ya koma na rihazal saboda babban taro na tafe, ɗakin kuma a jibge kujeru da tsofaffin lasifikoki a ciki. Sannan daga yanzu duk sabuwar waƙa ko wasa sai an miƙa wa kwamiti a rubuce, su duba ba tare da mai shi ba, amsa ta fito e ko a'a shikenan. A sanarwar bayan sujada muka ji, tsakanin cigiyar makulli da sanarwar aure. Ba a kira ko mutum ɗaya cikinmu an ce masa wai me kuke yi ne a wannan zama naku ba.

To bari mu faɗa muku, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abu na farko, kuma shi ya fi mana ciwo, ana morar aikinmu amma ba a kiwon mu. Mai ganga shi ke riga kowa zuwa, shi ke tafiya bayan kowa, in sujada biyu ce ya yi biyun, in jana'iza ce ko biki ko addu'ar dare shi ɗin ne dai, amma yaushe rabon da wani dattijo ya zaunar da shi ya ce ɗana yaya tafiyarka da Ubangiji? Mai kyamara ba ya jin wa'azi, hankalinsa na kan hoto. Mai haɗa sauti in komai ya tafi daidai ba wanda ya san yana wurin, makirfo na yin ƙara kuwa duk majami'a za ta juyo ta harare shi. Mun zama kamar janareto, sai an ɗauke wuta ake tunawa da shi, kuma ba mai tambayarsa ya ya kwana. Akwai wani ƙanenmu mai kaɗa kibod, mahaifinsa ya kwanta ciwo, shi ke jinyarsa a asibiti, sai aka daina ganinsa. Kiran farko da aka yi masa daga majami'a, tambayarsa aka yi ina ya ajiye makullin akwatin kayan kiɗa. Mu a wannan zama na wata-wata muka san halin da yake ciki, muka harhaɗa ɗan abin da ya samu, muka riƙa karɓarsa kwana a asibitin. Yaron bai yi wa kowa rashin kunya ba, bai ce uffan ba, amma tun da mahaifin ya rasu bai sake ɗora hannu a kibod ba, sai ya zo ya zauna can baya ya fice kafin a sa albarka. Kuma har yau abin da ake faɗa a kansa wai ya yi sanyi.

Ku kuka koya mana 1 Korantiyawa 12, cewa ido ba shi da damar ce wa hannu ba ruwana da kai, kuma in gaɓa ɗaya na shan wuya duk jiki na sha tare da ita. Bukatarmu kam ana yi, ba mu musa ba. Shan wuyar tare ce ba mu gani ba.

Na biyu, ba a bar mana wurin faɗin gaskiya ba. Wata 'yar'uwarmu ta yi ɓari bayan ta daɗe tana jiran haihuwa, da ta ɗan farfaɗo sai ta rubuta waƙa, tana tambayar Allah ina yake a daren nan, ba ta zage shi ba, ba ta yi saɓo ba, tambaya kawai ta yi tana kuka. Ranar da ta rera mana ita a zamanmu ba wanda idonsa bai kawo ruwa ba. Da aka kai ta gaba sai aka ce waƙar ba bangaskiya a cikinta, ta ƙara baiti na nasara a ƙarshe ko kuwa a bar ta. Haba iyayenmu. Zabura 88 fa tana nan cikin Littafi Mai Tsarki, daga farko har ƙarshe kuka ne, da maganar duhu ma ta ƙare, kuma a kanta an rubuta cewa ta shugaban mawaƙa ce, wato don a rera ta cikin jama'a aka yi ta. Zabura 13 da har yaushe ya Ubangiji ta fara. Littafin Makoki sura biyar ne cur na kuka a kan Urushalima. Ubangijinmu da kansa a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya ɗaga murya. Da a ce waɗannan za su bi ta hannun kwamiti yau, nawa ne cikinsu za su tsallake?

Illar wannan ba a kanmu kaɗai take ba. Mun koyi rubuta abin da muka san zai wuce, shi ya sa kuke jin waƙoƙinmu duk sun zama iri ɗaya, na ci nasara, an buɗe mini ƙofa, maƙiyana sun ji kunya, sai ku ce matasan yanzu ba su da zurfi. Gwauruwar da ta binne mijinta makon jiya kuwa tana zaune a layi na uku ba ta da waƙa ko ɗaya da za ta iya buɗe baki ta yi ba tare da ta yi ƙarya ba. Mu kanmu abin ya bi jikinmu, mai jagoran yabo zai hau gaba ya ce kowa ya yi tsalle, alhali aurensa na tangal-tangal ko ya yi watanni bai iya addu'a ba, in ka tambaye shi sai ya ce lafiya lau mun gode Allah, don ya san in ya faɗi gaskiya makirfo za a fara karɓewa kafin a tambayi me ya faru. Wuri ɗaya tak da muke iya cewa ba lafiya ba, shi ne aka mayar ma'ajiyar kujeru.

Akwai labarin da muke yawan tunawa a tsakaninmu. A wani ƙaramin gari da ake kira Olney a Ingila, fasto John Newton da abokinsa mawaƙi William Cowper sun shirya rubuta waƙoƙin sujada tare don jama'ar garin, galibinsu talakawa ne. Cowper mutum ne mai fama da matsananciyar damuwa, a 1773 ciwon ya kayar da shi ƙwarai har ya ɗauka Allah ya yashe shi, rubutun waƙar sujada ya tsaya cak. Newton bai je neman wani mawaƙin da zai cike gurbin ba. Cowper ya koma gidan faston da zama, ya yi sama da shekara guda a can, Newton da matarsa suna ɗawainiya da shi, a lokacin da ba waƙa ko ɗaya da ake samu daga hannunsa. Littafin bai fito ba sai 1779, da waƙoƙi 348, mafi yawa na Newton ne, amma na Cowper suna ciki kuma har yau ana rera wasunsu. Cowper bai warke sarai ba har ya mutu a 1800, ba labarin mu'ujiza nake ba ku ba. Abin da nake so ku gani kawai, faston ya riƙe mutumin ne a daidai lokacin da baiwarsa ba ta da wani amfani ga majami'a.

Na uku shi ne kallon da ake yi wa duk aikin da muka yi a wajen majami'a. In mai zane ya zana fuskar tsohuwa ko kasuwa ko itace sai a ce to ina Yesu a ciki, ka yi wa Allah aiki mana, kuma abin da ake nufi da yi wa Allah aiki shi ne fostar taro. In marubuciya ta rubuta labarin da mugu bai tuba a shafin ƙarshe ba sai a fara yi mata addu'ar dawowa hanya. In makaɗi ya karɓi aikin situdiyo don ya ciyar da iyalinsa, ya shiga duniya kenan. Amma a Fitowa 31 Allah da kansa ya kira Bezalel da sunansa ya ce ya cika shi da Ruhunsa, kuma aikin da aka cika shi dominsa na zinariya ne da azurfa da tagulla da yankan duwatsu da sassaƙar itace, ba wa'azi ba. Bai kuma bar shi shi kaɗai ba, ya haɗa shi da Oholiyab, sannan a sura 35 aka ce an ba su baiwar koya wa wasu. Dokas da ta mutu a Yafa, riguna da tufafin da ta ɗinka ne gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka. Ubangijinmu kansa mutanen garinsu da kafinta suka san shi. Johann Sebastian Bach na Jamus, wanda ya yi wa majami'un Leipzig kiɗa daga 1723 har rasuwarsa a 1750, kafin nan shekara shida ya yi yana aiki a fadar wani yarima, yawancin abin da ya tsara a can kiɗa ne zalla ba kalma ko ɗaya, kuma ba wanda ke cewa a shekarun nan ya bar Allah.

Kun san abin da wannan kallo ke haifarwa? Yaranmu sun iya ɓoyo. Suna da suna ɗaya a majami'a, wani sunan a intanet. Mai son ya ji ko rubutunsa ya yi kyau ba zai kawo nan ba, don a nan amsa biyu ce, ko Allah ya yi albarka ba tare da an karanta ba, ko kuma a yi hankali da duniya. Sai ya tafi inda za a karanta da gaske a gaya masa baiti na biyu ya yi rauni, kuma can ɗin zai samu, sai dai waɗanda zai samu ba lallai su damu da ransa ba. A hankali abokan sirrinsa su zama na can, ranar Lahadi ta zama aiki kawai, wata rana a neme shi a rasa, sai a hau bagade a yi wa'azi a kan ƙaunar duniya.

Maganar kuɗi ba za mu ja ta ba don kada a ce ita ce ta kawo mu. Amma tsirkiyar jita, fatar ganga, batir, fenti, data ta ɗora bidiyo, kuɗin mota zuwa rihazal, daga aljihunmu suke fita, wasunmu ɗalibai ne, wasu ba aiki. In baƙon mawaƙi ya zo a sallame shi da ambulan, na gida a ce masa Allah zai saka. Allah zai saka ɗin gaskiya ne. Amma a Nehemiya 13 da aka daina ba Lawiyawa da mawaƙa rabonsu, kowa gonarsa ya koma, kuma Nehemiya bai tsawata wa mawaƙan ba, shugabanni ya tsare da tambaya don me aka yi watsi da Haikalin Allah.

Mun san abin da kuke tsoro, kuma ba tsoron banza ba ne. Akwai girman kai a cikin masu baiwa, akwai mai mayar da sujada wurin nuna kai, akwai waƙar da kiɗanta ke da daɗi amma koyarwar cikinta karkatacciya ce, kuma jama'a sun fi riƙe waƙa a kan wa'azi. Ɗan maraƙin zinariyar nan ma ai aikin hannu ne. Hakkinku ne ku tsare koyarwa, ba mu ce a bar kowa ya yi abin da ya ga dama ba. Sai dai kwamitin da ke zama a bayan mutum ba ya maganin ko ɗaya cikin waɗannan. Wanda aka ce wa a'a ba dalili bai koyi komai ba, gobe zai ɗora waƙar a YouTube ko TikTok da kuskuren nata a ciki, mutane dubu su ji, ku kuma ba ku da sauran bakin magana da shi. Afolos gwanin magana ne amma saninsa bai cika ba, Biriskila da Akila ba su hana shi magana ba, jan shi gefe suka yi suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, haka Ayyukan Manzanni 18 ta nuna. Mai girman kai ma wanda ya san shi ya san gidansu ne ke iya ce masa kai sauko, ya kuma ji.

Ba kuma abin kunya ba ne shugaba ya ce mun yi sake. A 1964 Paparoma Paul na shida ya tara masu fasaha a Vatican, ya amsa a gabansu cewa ikkilisiya ta takura musu ta danne su, ya nemi gafararsu, ya ce a sake ƙulla abota. A 1999 Paparoma John Paul na biyu ya rubuta musu wasiƙa ta musamman yana cewa ikkilisiya na bukatarsu. Ko mu 'yan Katolika ne ko ba su ba, akwai abin dubawa a nan.

Ga abin da muke roƙo.

A mayar mana da zamanmu na wata-wata. In ɗakin ya zama dole a ajiye kaya, ku ba mu wani, ko ajin makarantar Lahadi ne ya ishe mu, lokacin ne dai kada a haɗiye shi cikin rihazal, don rihazal shirin Lahadi ne, wannan kuwa zumunci ne. Muna kuma so fasto ko dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga cikin iyayenmu mata su riƙa zuwa, ba don su yi wa'azi ko su ɗauki rahoto ba, su zauna su ji, in an zo addu'a su ma su faɗi nasu. Abin da aka faɗa a wurin ya tsaya a wurin, kada mutum ya buɗe cikinsa ranar Asabar ya ji kansa cikin misalin wa'azi ranar Lahadi.

Duba waƙa da wasa a ci gaba da yi, amma mai aikin ya kasance a zaune, a nuna masa layin da ke da matsala da ayar da ta sa aka ce haka, a ba shi dama ya gyara ya dawo. Kuma a sa mutum ɗaya aƙalla cikin kwamitin wanda ya taɓa rubuta waƙa ko ya san kiɗa.

A tsara mana juyi, yadda kowane makaɗi da mai kyamara da mai sauti zai samu Lahadin da zai zauna cikin jama'a kusa da iyalinsa ya ji wa'azi ya ci jibin Ubangiji a natse. Wannan ba zai yiwu ba sai an koyar da wasu, to a ba manyanmu izini da kayan aiki su ɗauki ƙanana. A zamanin Dawuda mawaƙa 288 ne horarru, aka raba su kashi 24, kuma 1 Tarihi 25 ta ce da babba da ƙarami, da malami da ɗalibi, duk tare aka jefa musu kuri'a. Ba mutum ɗaya aka ɗora wa kaya har ya gaji ya gudu ba.

A ba kuka wuri a sujada. Ko sau ɗaya a wata ne a karanta zaburar makoki a bar ta yadda take, a kuma sake sauraron waƙar 'yar'uwar nan, ita da kanta ta rera muku.

A sa gyaran kayan kiɗa da kuɗin zirga-zirgar masu hidima cikin kasafin shekara, ko kaɗan ne, a san dai an rubuta. In ana shirin babban taro ko Kirsimeti ko Ista a kira mu tun ana tsarawa, ba sai saura kwana uku a ce a kawo wasa ba. Sannan in an ga ɗayanmu ya ɓace Lahadi biyu, a fara tambayar lafiyarsa kafin makulli. Ƙanen namu mai kibod yana nan, gidansu bai tashi ba, kuma har yanzu ba shugaban da ya je masa gaisuwa ta musamman.

Ba mu ajiye aiki ba, ba kuma barazana muke yi ba, rihazal ɗin babban taro muna zuwa kuma za mu yi shi da zuciya ɗaya. Muna roƙo dai a sa wannan magana cikin ajandar zaman majalisa mai zuwa, a bar mutum uku daga cikinmu, mace ɗaya da maza biyu da muka riga muka zaɓa, su shigo su yi bayani da bakinsu, a kuma ba mu amsa a rubuce bayan zaman.

Allah ya ba ku hikima, ya kiyaye ku da iyalanku.

Naku cikin Almasihu,
ɗaya daga cikin 'ya'yanku, a madadin mawaƙa, makaɗa da masu aikin fasaha na ikkilisiya.